Shekarar da Na Sayar da Shanun Gadona

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a cikin dangi, na kuma san ta iso kunnuwanku, wai yayarku Bilkisu ce ta matsa mini har na sayar da shanun da na gada wurin mahaifina, wai ta zo da boko ta juya mini kai. Ina so ku ji daga gare ni tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami, ba haka aka yi ba. Ni na yanke shawarar da hankalina, kuma duk gidan nan ba wanda ya kai ta roƙona in fasa. Ga yadda abin ya kasance.

Kun san ni ɗan ruga ne. A wata ruga kusa da Aujara aka haife mu, ni da Yaya Ja'e, wanda kuke kira Baffa. Shi Allah ya ba shi hannun shanu, ko saniya ta yi tari a tsakiyar garke ya san wacce ce. Ni kuwa tun ina ƙarami itace ne ya ɗauke mini hankali. In aka tura ni kiwo sai in zauna ina sassaƙa sanda, shanu su shiga gonar mutane. Da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya gaji da ba manoma haƙuri, sai ya kai ni Ringim wurin wani dattijon kafinta ya ce a koya mini abin da hannuna yake so. Ina can aka ƙirƙiro jihar Jigawa, aka ce Dutse ce babban birni. Ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kano, kowa da iyalinsa da tabarmarsa, ba gado ba kujera. Na ɗauko zarto da guduma na zo na kafa rumfa a Takur, lokacin unguwar rabinta gonaki ne da itatuwan dabino. Aiki ya yi mini yawa har ina mayar da wani. A shekarun nan na auri Innarku, na gina gidan da kuka tashi a ciki.

Amma akwai wata matsala da ta bi ni tun daga ranar farko. Gado da sif da madubi kayan mata ne, mace ce za ta zauna da su shekara da shekaru, ni kuwa ban taɓa ganin ɗakin da za a saka su ba. Gidan matan aure ba shiga, kuma ni ma ba zan so wani ƙato ya shigo ɗakin Innarku da tef ɗin awo a hannu ba. Da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan, shekarar da aka haifi Bilkisu ke nan, mutane suka ƙara kiyaye wannan, ni ma na daina sassaƙa tsuntsaye a kan allon gado na koma ganye da fure, ban kuma yi nadama ba. Sai dai awo ya ci gaba da zuwa mini ta hannun mazaje. Wani ya zo da igiya ya ƙulla ta a wuri biyu, wani ya ce ɗakin taku kaza ne, wani ya buɗe hannuwa kawai ya ce kamar haka. Ba zan manta da wani sif da na yi wa wata amarya ba, na zuba masa aiki kamar ba zan ƙara yin wani ba. Aka kai, ya ƙi tsayuwa, silin ɗakin ya yi masa ƙasa. A zaure na durƙusa na yanke masa kai da zarto, ina jiyo kukan yarinyar daga cikin gida. Irin wannan ya faru ba sau ɗaya ba, kuma kullum sunan kafinta ne yake ɓaci.

Shekaru suka ja. Kayan waje suka cika kantunan Kano, mata suka koma zaɓen gado a cikin waya, hoto mai sheƙi, a aiko musu a mota. Rumfata ta yi shiru. Akwai ranakun da zan buɗe da safe in share, in zauna ina kaɗa ƙuda har la'asar. Ma'aikatana suka watse ɗaya bayan ɗaya, wani ya koma acaɓa, wani ya tafi kudu. A wannan lokacin ne Bilkisu ta gama karatun kwamfuta a jami'a ta dawo gida tana jiran aiki.

Wata ranar Asabar da hantsi ta kawo mini abinci rumfa, ta same ni zaune a kan gadon da na gama tun bara ba wanda ya taya. Ta ajiye kwanon, ta ciro wayarta ta yi ta zagaya wata 'yar kujera tana ɗaukarta hoto ta kowane gefe, sama da ƙasa. Ni kuwa na buɗe kwanon na ci abincina. Bayan 'yan kwanaki ta kira ni tsakar gida ta miƙo mini wayar.

"Baba, duba gindin bishiyar nan ta cikin waya."

Na duba. Ga bishiyar darbejiyarmu, ga turmin Innarku, ga kaza tana wucewa, komai yadda yake. Amma a gindin bishiyar ga kujerata zaune. Na sauke wayar, ba kujera. Na ɗaga, ga ta. Na matsa kusa, ta ƙara girma, na zagaya bayanta na ga har inda na buga ƙusa. Innarku da ke tankaɗe ta leƙo, ta ja da baya tana salati.

"Wannan kuma wane irin rufa-ido ne, Bilki?"

Bilkisu ta yi dariya ta ce, "Inna, ba rufa-ido ba ne, lissafi ne. Kyamarar tana auna ƙasa da bango, sai ta ɗora hoton kujerar daidai girmanta a inda kika nuna."

Ta ce sunan abin da Turanci dogo ne, masu ilimin suna gajarta shi su ce AR. Ni ban ma saurari sunan ba, don tuni zuciyata ta tafi wani wuri. Na tambaye ta, in mace tana cikin ɗakinta, ni ina rumfata, za ta iya ganin gadona a ɗakin kafin in yanka katako? Ta ce za ta iya. Za ta san ko sif zai taɓa silin? Ta ce za ta sani, har awon ɗakin wayar za ta turo mini. Na zauna a kan turmin nan. Abin da ya dame ni fiye da rabin rayuwata, ga maganinsa a hannun 'yar da na goya.

Sai dai kujera ɗaya ce ta iya yi, ita ma da kwamfutar aro. Don a yi abin sosai, ta ce ana bukatar kwamfuta mai ƙarfi, da waya mai auna zurfin ɗaki, da sola saboda wuta, sannan ita kanta sai ta je Kano ta yi wasu watanni wurin masu wannan aikin. Ta faɗa mini ne kamar mai ba da labarin abin da ba zai yiwu ba. Ni kuwa na san abu ɗaya ne ya rage mini a duniya da zai ɗauki wannan nauyi. Tun rasuwar mahaifinmu aka raba gado, kowa ya san nasa, amma shanuna ban taɓa cire su daga garken Yaya ba. Shi yake kiwonsu, iyalinsa suke shan nonon, ni kuma in sallah ta zo a aiko mana da man shanu. A cikinsu akwai jikokin wata farar saniya da mahaifinmu ya fi so.

Kafin in je ko'ina sai da na je wurin limamin unguwarmu, don ban so in zuba dukiyar gado a abin da zan zo ina shakka. Na kai masa wayar bayan azahar. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallon kujerar a kan shimfiɗarsa, har ya miƙa hannu zai taɓa, ya yi murmushi.

"Malam Buba, hoton katako ne, ba mai rai ba, ban ga laifinsa ba. Yana ma rage jahiltar abin da mutum zai saya. Amma ka riƙe abu ɗaya. Abin da ka nuna wa mace a waya, shi za ka kai mata. Ranar da hoton ya fi kayan kyau, ka shiga algus."

Da wannan na hau mota zuwa Aujara. Na samu Yaya ya dawo da shanu daga mashaya, muka gaisa, matarsa Inna Dije ta kawo fura. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya ajiye ludayin a hankali. Bai yi faɗa ba, Yaya ba ya ɗaga murya. Na nuna masa wayar, ya kau da kai.

"Buba, ka sayar da abu mai numfashi, mai haihuwa, ka sayi inuwa?"

Na ce, "Yaya, rumfata ta mutu. In ban yi wani abu ba, 'ya'yana ba za su gaji komai a wurina ba sai zarto mai tsatsa."

"Za su gaji shanu."

"Ba wanda ya iya kiwo a cikinsu."

"Nawa 'ya'yan sun iya. Ai don haka ake da ɗan'uwa."

Gaskiyarsa ce, kuma ina so ku san haka. Yaya bai hana ni don kwaɗayin nono ba. A wurinsa garken nan shi ne abin da ya rage na mahaifinmu, kuma shi ne igiyar da ta ɗaure gidana da nasa. Na ce masa ya saye su shi da kansa, zan jira har kaka. Duk tsawon jiran nan Bilkisu tana roƙona in fasa. Kaka ta zo, damina ba ta yi kyau ba, bai samu hali ba. Da na koma, ya nuna mini su da sanda daga nesa ya ce in kora abina. Bai raka ni kasuwar Gujungu ba. Ni kaɗai na tsaya dillalai suna buɗe musu baki suna duba haƙora. Da aka ja wata farar karsana, jikar saniyar mahaifinmu, zuwa mota ta juyo tana kuka, na shiga bayan wata rumfa na share hawaye da hannun riga.

Da na dawo gida Bilkisu ta durƙusa a gabana, ita ma kuka take.

"Baba, da ka bari. In abin bai yi ba fa? Da wane ido zan kalli Baffa?"

Na ce mata, "In bai yi ba, ni na sayar, ba ke ba. Ki tashi ki haɗa kayanki."

Innarku ta ɗaga ta ta kai ta ɗaki. Washegari ta ciro 'yan kunnenta na zinare ta ce a ƙara a kuɗin mota da masauki. Haka Bilkisu ta tafi Kano ta zauna a gidan ƙanwar Innarku. Sallah ta zo, ba a aiko da man shanu daga Aujara ba. Na je gaisuwa, Yaya ya amsa mini kamar baƙon da ya ɓata hanya. Wannan ya fi sayar da shanun yi mini ciwo.

Da ta dawo muka duƙufa. Duk wani gado da sif da kujera da na iya yi, sai da muka saka shi a cikin manhajar, wato abin da ake saukewa a waya. Ni ina ba ta awo, ita tana ginawa a kwamfuta. Muka sha gardama. Ta ce ƙafar gado kaza ta tsufa, na ce ita ce ba ta karyewa. Wani lokacin ta ci, wani lokacin na ci. Matan unguwa ta fara nuna wa, a gidan suna da wurin biki. Tambayar farko da kowace mace take yi ita ce, hoton ɗakina ina yake tafiya? Wa zai gani? Saboda haka Bilkisu ta tsara abin yadda hoto ba ya barin wayar mai ɗaki, awo kaɗai yake zuwa wurina. Da mata suka tabbatar da haka, sai suka saki jiki.

Cinikinmu na farko mai girma daga Ringim ya zo, wata Hajiya mai aurar da 'ya. Ta zaɓi saiti guda a ɗakin amarya ta cikin waya, na yi shi, muka kai. Komai ya zauna daram, ko yatsa ba a rage ba. Ina murna a zaure sai ga saƙo daga ciki, Hajiya ta ce kalar ba ita ba ce, na waya ya fi ja, wannan ya yi duhu. Bilkisu ta shiga ta gwada, ta fito fuskarta a sanyaye ta ce Hajiya ta yi gaskiya. Direban da ya kawo mu ya ce in lallaɓa ta, ai bambancin kaɗan ne. Na tuna maganar liman, na ce a kwance kayan a mayar mota. Muka dawo da su Dutse. Na kankare fentin gaba ɗaya na sake, Bilkisu kuma ta kwashe kwanaki tana ɗaukar hoton katakon gaske a rana da inuwa har kalar waya ta zama ta zahiri. Asarar ta taɓa mu sosai a lokacin da ba mu da abin asara. Amma Hajiyar nan ba ta bar gidan biki ko ɗaya a Ringim ba sai da ta ba da labarin kafintan da ya mayar da kaya saboda kala. Kafin damina ta zagayo, na kira ma'aikatana biyu sun dawo, masu labule da masu fenti suna zuwa roƙon Bilkisu ta saka nasu kayan a ciki.

Duk wannan bai kai ruga ba, ko kuma ya kai an yi shiru. Sai ranar da Inna Dije ta aiko cewa an sa ranar auren Shatu, autar Yaya, kuma yarinyar ta ce ita gadon da Baffanta na Dutse yake yi take so. Na san Yaya bai aiko ba, amma na san ba za a aiko ba sai da saninsa. Muka tafi da Bilkisu da sassafe.

Ɗakin da aka gina wa Shatu zagayayye ne, na ƙasa da jinka, irin namu na ruga. Mata suka cika shi, ni na tsaya a waje. Bilkisu ta ba Inna Dije wayar ta nuna mata inda za ta taɓa. Can sai na ji dariya ta tashi. Ashe gadon ya fito, amma kusurwoyinsa biyu sun huda bango sun fita waje, don an yi shi ne saboda ɗaki mai kusurwa huɗu. In an jawo shi tsakiya kuma ya cinye ɗakin, ba wurin jeren ƙwarya. Inna Dije ta ce, cikin raha, ai dama kayan birni ba sa son ruga. Bilkisu ta fito ta zauna a kan tabarma ta buɗe kwamfuta, ta kira ni.

"Baba, za ka iya lanƙwasa allon kai ya bi bango?"

Na ce ban taɓa yi ba, amma in aka yanka katakon sirara aka jera, zai bi. Na zana mata a ƙasa da tsinke, ita kuma tana ja a kwamfuta. Kafin rana ta take, ta koma ciki da wayar. Wannan karon guɗa na ji. Gadon ya kwanta a jikin bango kamar tare aka gina su, ga sauran fili har na jere da na sallah.

Ban san Yaya yana tsaye a bayana ba sai da ya yi gyaran murya. Shatu ta fito da wayar ta durƙusa ta miƙa masa, ya karɓa. Ya sunkuya ya shiga ɗakin. Ya daɗe a ciki. Da ya fito bai kalle ni ba, Bilkisu ya kalla.

"Ke kika yi wannan da kanki?"

"Ni da Baba, Baffa."

"Shi na san abin da ya iya. Ke nake tambaya."

Ta sunkuyar da kai ta ce ita ce. Ya mayar mata da wayar da hannu biyu, ya juya ya tafi wurin maruƙa.

Ranar da muka kawo gadon, shi ya kama gefe ɗaya na kama ɗaya muka shigar. Daga rugagen da ke kewaye mata suka yi ta zuwa kallo, kuma yau gadon zagayayyen ɗaki yana cikin abin da rumfarmu ta fi sayarwa, abin da ba kantin Kano da yake da shi. Da aka yi la'asar Yaya ya ce in raka shi garke. Muka tsaya muna kallon shanu suna shigowa, ni ina ganin gurbin nawa, na san shi ma yana gani.

"Buba, ba zan ce maka na daina jin ciwonsu ba. Har in mutu zan ji."

"Na sani, Yaya."

Ya dogara da sandarsa, har na ɗauka ya gama. Sai ya ce, "Yarinyar nan, in maganar aurenta ta taso, ni ne waliyyi, ko ba haka ba?"

Na ce, "Wa zai zama in ba kai ba?"

"To duk wanda ya zo, ka turo mini shi nan. Kafin a yi zancen sadaki sai ya ji sharaɗina."

"Wane sharaɗi, Yaya?"

"Ba za ta ajiye aikin nan ba."